Kofato Huɗu a Lamu

A Lamu, inda lungu ba ya ɗaukar mota,
inda kafaɗa ke gogar bango dama da hagu,
ni Famau ɗan Shebwana nakan riga ladan tashi,
ita kuwa takan riga ni.
Kukanta ke tsaga duhu gida biyu,
kamar tsohuwar ƙofa mai tsatsa a maƙogwaro.
Ta ja iska da kuka, ta sako ta da kuka.
Wane mahaluƙi ne, in ba jaki ba,
ke magana da shigar numfashi da fitarsa duka?

Na raɗa mata Tausi, ɗawisu ke nan a bakinmu,
maƙwabta suka yi dariya har da hawaye.
Toka-toka ce, bakinta kamar ta tsoma a gari,
farin ciki gare ta na gashi, ni kuwa na zuci.
Baƙin layi ya bi gadon baya ya gitta kafaɗa,
kamar an soma rubutu aka fasa.

Kakata Mwana Esha takan ce
asalinsu can arewa ne, ƙasar duwatsu da ƙishi,
inda ciyawa ke nesa da ciyawa.
Shi ya sa kunne ya yi tsawo, murya ta yi kauri,
don 'yar'uwa ta ji 'yar'uwa daga bayan tsauni.
Ban je ba.
Amma na ga yadda take shan ruwa:
ta sunsuna tukuna, in ya gurɓata ta ɗaga kai,
gara ƙishi.

Duk gidan da ka gani tsaye a tsibirin nan,
dutsen teku, farar ƙasa, yashi, azara,
a bayan jaki ya zo, mangala bayan mangala.
Masassaƙa sun zana furanni a ƙofofi,
ba wanda ya zana kofato.

Wata Talata a bakin gaɓa,
jirgin ruwa ya kawo siminti daga Mokowe.
Buhu biyu a bayanta, katako a gabanta,
ta kafe.
Na ja, na lallaba, na zagi uwarta.
Mutane kan bar jaki su daki taiki,
ni ranar na bar katako na daki jaki.
Sai na wuce gaba in nuna mata jarumta,
taku uku, katako ya ce ƙaras,
na tsinci kaina ina kurɓar gishiri,
hulata na tafiya Manda ba ni.
Da na ɗago tana nan tsaye, kunne ɗaya gaba, ɗaya baya,
ba ta ce komai ba.
Doki in ya tsorata sai gudu,
jaki tsayawa yake ya auna.
Mu muka sa wa wannan suna taurin kai.

Wata goma sha biyu ta ɗauki ciki,
a daren ruwa ta haihu, ba ungozoma.
Kafin shayi ya huce ɗan ya miƙe,
ƙafafu kamar sandunan aro,
kunnuwa sun fi ƙarfin kansa.

Bara wani ya sauko da jakar kuɗi,
ba ƙarfinta yake so ba, fatarta.
Ya shafa wuyanta yana lissafi.
Na ce, malam, fatar nan da mai ita a ciki,
kuma gobe muna da yashi.

Yanzu haƙoranta sun soma tsawo, nawa sun soma zuba.
Da la'asar nakan sauke akumari,
ta nemi inda aka zubar da toka,
ta kwanta, ta yi birgima, kofato huɗu na kallon sama,
ta tashi ta girgije yinin nan kaf.
Sannan ta kama hanyar gida ba igiya,
ta lungun mai kifi, ta bayan masallaci,
ni ina biye da ita,
masu shan gahawa suna tambaya
wai a cikinmu wa ke kora wa.